Kawunan Kifin da Yaya Ya Biya

Me ya riƙe bakina ranar da Yaya ya ɗauki laifina ya aza a kansa a gaban mutane? Shekara ashirin da wani abu ina yi wa kaina tambayar nan. Na ce tsoro ne, na ce kunya ce, na ce don yara ne. Duk na gwada su, babu wadda ta zauna mini.

Yau kwana tara da munka rasa shi. Yaya nake ce masa, don yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen bakin bahar, wato babban kogin nan namu, su kuwa Sarkin Ruwa suke ce masa, har bayan da ya ajiye sarautar. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa.

Ban taɓa ganin taro irin na makokinsa ba a ƙauyen nan. Masunta sunka zo daga Mai Wurno, jirgi bayan jirgi, har wurin ɗaurewa ya ƙare. Wani tsohon Balarabe mai sayen kifi ya taso daga Sinnar, ya sauka daga lori, ya ɗaga hannu zai yi Fatiha, bai ƙarasa ba kuka ya ci ƙarfinsa. Mata sunka yi ta shigowa da kisra, wainar dawa ta nan ƙasar, a faifai, har munka rasa inda za mu ajiye. Wata tsohuwa ta zauna bakin ƙofa tana ta faɗin, "Wa zai ɗinke wa marayu raga yanzu?"

Rana ta uku ina bayan zana ina wanke kofunan shayi, maza suna rumfa. Sai na ji wani ya ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Sau ɗaya dai son ɗan'uwa ya rinjaye shi, maganar kan kifin nan."

Wani ya ce, "A bar tone-tone. Allah ya yafe masa."

Rumfa duka ta ce amin. Ni ma bakina ya ce amin. Ana roƙa masa gafarar abin da bai yi ba, wadda ta yi tana tsugune da kofi a hannu tana taya su.

Shi ya sa na kira ɗiyarsa ta fari, wadda ke koyar da 'yan mata a birnin Madani, na ce ta zo da takarda, don ni ban san baƙi ba. Ta ce, "Inna, ki bari a yi arba'in." Na ce, "Ɗiyata, wa ya yi mini alkawarin kwana arba'in? Zauna ki rubuta." Ga ta nan tana rubutawa. Na ce mata duk inda ta ji abin ya yi mata nauyi ta tsaya ta sha ruwa, amma kada ta gyara mini magana.

Ranar da anka kawo ni gidan nan, Yaya ne ya ƙetaro da ni daga wancan gefen. Ni ɗiyar manoma ce, ban taɓa shiga jirgi ba. Na ƙanƙame katako ina ta salati. Ya dubi matan da sunka rako ni ya ce, "Ku gaya wa amarya ta sassauta wa jirgin nan, ni ma aro na yi." Sunka fashe da dariya, ni ma na yi a cikin mayafi. Tun ranar Amarya yake ce mini, har na yi furfura, har haƙorana sunka zube.

Ba ya ɗaga murya. In ransa ya ɓaci, hularsa yake cirewa, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a nan, ya mayar. Duk wanda ya ga hular nan ta sauka ya san gara ya kama bakinsa. Jabana yake sha, wato gahawa, da citta, ba sukari. In yana ɗinkin raga yakan maƙale zaren a babban yatsan ƙafarsa, kuma ko Sarkin Musulmi ne ya yi sallama, sai ya ƙulle idon da yake kai kafin ya amsa.

Sai na faɗi yadda ake su a nan, don 'ya'yan yanzu ba su tarar ba.

Kalli ake kafawa. Raga ce doguwa, a shimfiɗa ta cikin ruwa da la'asar, kifi ya zo wucewa ya sa kai a idonta ya maƙale, da safe a ɗaga. Kowane gida da kallinsa, da wurinsa, abin da ka samu naka ne. Amma ba mu kaɗai ke cin bahar ba. Kada in ya zo, yaga yake yi ya tafi da kifi da raga, wannan sai a taru a ɗinke maka. Karen ruwa shi ne mugun maƙwabci. Ba ya yaga komai. Bin kalli yake yi kamar mai zaɓe a kasuwa, ya ci kifi daga wutsiya har wuya, ya bar maka kai a rataye. Mutum ya ɗaga ragarsa da safe ya ga kawuna jere suna kallonsa. Waɗanda wurinsu ke kusa da ciyawa su sunka fi shan wuya, don nan karnukan ke kwana.

Yaya ya gaji wata al'ada wurin tsohonsu, wanda ya taho da ita daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka. Da hantsi kowa ya kawo kwandonsa ƙarƙashin gawon da ke bakin gaɓa. Wanda karen ruwa ya ziyarta ya zuba kawunan a ƙasa. Kowane kai kifi ne. Yaya ya ɗauki sandarsa ta gora, ya juya kan, ya duba, sa'an nan ya bi kwandunan waɗanda sunka tsira, ya taɓa kifi mai girman wannan kan. Wanda anka taɓa nasa ya ɗauko ya bayar, ba musu. Kuma kullum da kwandonsa yake farawa.

"Karen ruwa bai tambayi ragar wa ce ba kafin ya ci," in ji shi. "Kifin gari ya ci, gari zai biya."

Da wasa yake yin abin, don kada mai karɓa ya ji kunya. Suruki yake ce wa karen ruwa, wai don yana ci ba ya godiya.

"Surukinka ya kwana wurinka jiya?"

"Ya kwana, Sarki, har da iyalinsa."

"Ma'alesh, yi haƙuri. Ai ya yi kara, ya bar maka na miya."

Ba kowa ke so ba. Ɗan ƙanwarsa, saurayi ne lokacin, sabon aure, wurinsa na tsakiyar ruwa inda karnuka ba su cika zuwa ba. Kusan kullum sandar nan sai ta taɓa kwandonsa. Wata rana ya ce, "Kawu, ni na saƙa ragata, ni na sha sanyi, sai in ciyar da karen wani?"

Yaya ya ce, "Karen wa? Ka ga igiya a wuyansa?"

"To a bar mu mu kashe su."

"Je ka kashe. In ka gama da na nan, na Habasha suna bisa hanya, ruwa zai kawo maka su."

Anka yi dariya, saurayin bai yi ba.

To, ɗiyata, ga inda nawa ya shigo.

Bayan Ingilishi sun tafi da 'yan shekaru, maigidana ya kwanta. Tsargiya ce ta tun yarinta ta dawo masa, ciki ya kumbura, ƙafafu sunka rame. Mun kai shi asibiti a Sinnar, anka yi masa allurai, ya dawo ba sauƙi. Shi kuma mutum ne mai zuciya, ba ya son a san halinsa. Haka zai ja jiki ya kafa kalli nan kusa da gaɓa, da safe ya ɗaga, ya hau tudu da kyar ya zube kan angarib, gadonmu na igiya. Ni nake ɗaukar kwando in kai ƙarƙashin gawo, in ajiye, in koma gefe in tsaya. Kifi huɗu, kifi biyar, wata rana biyu. Yara biyar a ɗaki. Dawa ta ƙare tun kafin ruwan sama ya sauka. Ya ce in na kai kuka gidan Yaya bai yafe mini ba.

Ina yi wa wani ɗan kasuwa aikin yankan kifi, manya waɗanda ake tsagawa a shanya. Ladana kai da kayan ciki. Su muke dafawa.

Wata safiya karen ruwa ya shiga ragarmu da gaske. Kai uku. Na zuba su a ƙasa, sandar Yaya ta yi yawo, na koma gida da kifi uku cikakku. Na kai biyu anka ba ni dawa. Ranar yara sunka ci asida, tuwonmu na dawa, har sunka bar saura.

Kwana biyu bayan haka ina zaune da kawunan ladana a gabana, sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ba zan ɗora masa duka ba, na matsa masa wuri. Na ɗauki dutse na daddatse bakin yankan don kada a ga sawun wuƙa, na yayyage da farce, na jiƙa su cikin tulu sunka kwana. Da safe, tsakanin gida da gawo, na zuba biyu cikin kwandon maigidana.

Yaya ya zo kansu. Bai juya su da sanda ba. Ya dubi ruwa, ya daɗe yana duba, sa'an nan ya je kwandonsa ya taɓa kifi biyu. Bai yi wasan suruki ba. Na ce a raina ya gaji ne.

Na sake. Na kuma sakewa. Ba kullum ba, sai tukunya ta bushe, amma na yi ya fi sau goma. Duk ranar da na kawo nawa, sandar ba ta wuce kwandonsa. Ina gani, na ƙi ganewa. Ke kina ƙarama lokacin, ɗiyata. Miyar gidanku ce nake kwashewa. In kin tuna wata damina da uwarku, Allah ya jiƙanta, take raba muku kifi ɗaya ku shida, to ga inda sauran ya tafi.

Ta ajiye alƙalami. Na ce ta sha ruwa. Ta ɗauka.

Abin da ya tona ni jahilci ne. Ni yanka na sani, ban san raga ba. Ban san cewa kowane kalli da girman idonsa ba, kuma kifin da kansa ya fi idon ba ya maƙalewa, sai dai ya fasa ya wuce. Ragar maigidana mai yatsa uku ce, ta karfasa da ƙananan tarwaɗa. Ni kuwa ranar nan kan giwan ruwa na samu lada, kai kamar ƙwarya. Na ce wannan in an biya shi, dawar sati guda ce.

Na zuba shi a ƙasa.

Yaya ya dubi kwandonsa. Babu kifi mai girman haka a ciki, ko rabinsa. A duk kwandunan da ke wurin, giwan ruwa ɗaya ne, kuma a kwandon ɗan ƙanwarsa yake.

Saurayin bai jira sanda ba. Ya tako ya ɗaga kan ta baki, ya jera yatsunsa uku a goshinsa, ya juya yana nuna wa mutane.

"Jama'a, ku duba mini. Wannan ne ya shiga ido mai yatsa uku? Ko ya cire kan ya tura, sa'an nan ya bi baya?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"A kawo ragar Kawu ƙarami mu gani. In akwai inda ta fashe, ni zan ɗauki kifina in kai masa har ɗaki."

Idanu sunka fara juyowa wajena. Na ja mayafi. Na ji fitsari zai kubce mini. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, ina jin iska a haƙorana.

Yaya ya cire hularsa. Ya duba cikinta. Bai mayar ba.

Ya ce, "Ba sai an ɗauko raga ba. Ni na sa kan nan a kwandon. Amarya ta ajiye ta juya, na zuba. Ƙanena ba shi da lafiya, na so in ƙara masa."

Saurayin ya ce, "Kawu! Kai?"

"Ni."

"Da kifina za ka yi zumunci? Tun yaushe? Sau nawa?"

"Halas, shi ke nan. Na faɗi abin da na yi." Ya miƙa sandar ga limamin ƙauye, wanda ya zo sayen na miya. "Malam, riƙe wannan. Wanda ya yi haka ba ya rabo."

Ya ɗauki kwandonsa ya hau tudu, hula a hannu. Ya wuce ta gabana, kusa har na ji warin ruwa a rigarsa. Bai dube ni ba. Ni kuma na rufe bakin da na buɗe.

Ina so a rubuta cewa ɗan ƙanwarsa bai yi laifi ba. Gaskiya ya gani ya faɗa. Ranar jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ya fito yana kuka kamar mace, yana cewa shi ya tsige kawunsa. Ba kai ba ne, ɗana. Ka ji daga bakina.

Labari ya riga ni isa gida. Maigidana ya tashi, yana dafa bango, ya ƙetara zuwa gidan Yaya. Danga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin komai.

"Yaya, ina kwance ka mai da ni ɓarawo?"

"Na yi kuskure."

"Na roƙe ka? Na aiko maka? Shekara nawa ina su, wa ya taɓa cewa na ci ƙaya ɗaya ta wani?"

"Ba kowa. Ka yi haƙuri."

"Ba ni ba abincin gidanka, har in mutu."

Ya cika maganarsa. Wata biyu ya ƙara a duniya. Duk kwanon da ya fito daga gidan Yaya, sai ya sa a mayar. Yaya yakan zo bakin ƙofa da la'asar ya yi sallama, shi kuma ya juya fuska ga bango. Ina zaune a gefen angarib ina yi masa fifita. Kalma biyu ce, "Ni ce." Na ce in na faɗa baƙin ciki zai ƙarasa shi. Na ce zai sake ni yana kan gargara, yara su tashi da sunan uwa ɓarauniya. Ina ta lissafi har Allah ya karɓi abinsa, wata ranar Laraba da azahar, yana fushi da ɗan'uwan da ya goya shi. Yaya ya yi masa wanka da hannunsa.

Rabon ƙarƙashin gawo bai kai wata damina ba. An gwada ba wani sandar, amma duk kan da anka zuba sai a ɗaga a shinshina, a nemi sawun wuƙa, a yi rantsuwa. Mutum ya gwammace ya zubar da kawunansa a ruwa da a tuhume shi. Daga nan anka ce kowa ya ji da nasa. Masu ƙarfi sunka kama tsakiyar ruwa, anka bar wa raunana bakin ciyawa, su da karnuka. Gida biyu sunka kasa, sunka sayar da jirage, sunka tafi tsinkar auduga wajen Kamlin, ba su dawo ba. Matar ɗaya daga cikinsu ƙawata ce. Ranar tafiya ta kawo mini turminta ta ce ba zai shiga lori ba, in riƙe. Ta rungume ni tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ɓata rabo. Na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Yaya bai sake zama ƙarƙashin gawon nan ba. Ya koma ɗinkin raga a ƙofar gidansa, na marayu da na tsofaffi kyauta. Har ragar nailan ta shigo, wadda ba ta cika son ɗinki ba, yana nan zaune da zare a yatsan ƙafa. Da na fita takaba, kowace safiya zan tarar da kifi rataye a dangarmu, ta gefena. Da shi na yi renon 'ya'yana biyar. Shi ya aurar da su. In mun haɗu a hanya zan durƙusa, ya ce, "Amarya, an tashi lafiya? Yaya ƙafa?" Ba ranar da ya bar wata ƙofa da zan shiga da maganar, ni kuma ban tura ba. Ina jin daɗin rufewarta, wannan ita ce gaskiya.

Sau ɗaya wani baƙo ya tambaye shi a gabana, wai shi ne Sarkin Ruwan da anka cire? Ya ce, "Ni ne. Miƙo mini wuƙar can."

Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani anka fito da angarib ɗinsa ƙarƙashin rumfa, don ya ce yana son jin iskar bahar. Kwana biyu kafin ya cika na shiga da hantsi, na tarar ba kowa, an je ɗebo ruwa. Idonsa ya riga ya dushe. Na zauna a ƙasa wajen ƙafafunsa, na ba shi gefe kamar yadda na saba.

Ya ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

"Amarya. Kin karya?"

Na ce, "Yaya, kan giwan ruwan nan. Ni na sa. Da na bayansa, da na gabansa, duka ni ce. Na ɓata maka suna, na raba ka da ɗan'uwanka, ya tafi bai sani ba." Na faɗa da sauri, kamar mai amai, ina tsoron kada wani ya shigo in sake samun dalili.

Hannunsa ya tashi yana laluben kansa, babu hula, ya koma ya kwanta kan ƙirji. Sa'an nan ya yi magana, a hankali, sai da na matsa na ji. Ban ba shi amsa ba. Kuka ya toshe ni, mata sunka shigo da tuluna, na tashi na fita ina cewa gobe zan dawo in amsa. Gobe ya daina gane mutane.

Ɗiyata, ki rubuta ta yadda ya faɗa, kada ki ƙara komai a bayanta. Ya ce:

"Na sani tun kai biyun farko. Wancan ya wuce, ban riƙe ki ba. Nawa nake tunani. Danga ɗaya ce tsakaninmu, ina raba wa gari kifi, 'ya'yan ƙanena suna kwana da yunwa ban sani ba, sai da kika ɗauki dutse. Ke za ki yafe mini."